A daina koya wa ɗaliban injiniya fiffiken da ba shi da ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna neman alfarmar fili a jaridarka domin mu isar da magana ga ƴan'uwanmu malamai masu koyar da motsin iska da ruwa a sassan injiniya, da ɗaliban da ke zaune gabansu, nan Damagaram da duk inda jaridar ke kaiwa. Maganar fiffiken jirgin sama ce. Kada mai karatu ya ja da baya don ya ga lambobi. Lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma da gangan muka kawo shi, don kowa ya ɗauki biro ya bi sawunmu.

A tsarin da aka saba, ana cinye mafi yawan zangon karatu a kan siffar da ke bayyana in an datse fiffike daga goshi zuwa baya, wadda za mu riƙa kira datsi. Ɗalibi ya san sanannen datsin nan mai lamba NACA 2412, ya san lambar ɗagawa Cz tana ƙaruwa da kusan 0.11 a duk digiri ɗaya da aka ƙara wa kusurwar karo da iska. Abin da ba a cika nanata masa ba shi ne waɗannan alƙaluma na fiffiken da aka kafa daga bango zuwa bango ne cikin akwatin gwaji, inda iska ba ta da hanyar zagaye bakinsa. Babu jirgin da ke tashi da irin wannan fiffike. Na gaskiya baki biyu gare shi, dama da hagu, amma darasinsa sai a tura shi makon ƙarshe, jarrabawa ta ƙarato, a rubuta ƙa'ida guda a allo a ce a haddace. Ka ba ɗalibi fiffike mai tsawon santimita 60 da faɗin 10, ka ce ya lissafa ƙarfin ɗagawarsa, zai ɗauko 0.11 ɗin nan ya ninka, ya miƙo maka amsar da ta zarce gaskiya da kashi ɗaya cikin uku, domin a fiffike mai wannan ƙira lambar ba ta wuce 0.082. Ba laifin yaron ba ne, abin da aka ba shi ya dawo da shi.

A ganinmu a juya tsarin, a fara da fiffike sukutum. Jirgi yana tsayuwa a sama ne don fiffikensa yana tura iska ƙasa, ita kuma tana tura shi sama daidai gwargwado. Dokar Newton ce, ɗan lise ma ya san ta. Tun ranar farko kuma a kawar da tatsuniyar nan ta cewa iskar da ta bi saman fiffike tana sauri ne don ta tarar da ta ƙasa a baya. Gwajin hayaƙi ya nuna ta saman tana riga ta ƙasa isa, ba sa ma haɗuwa.

Mu ɗauki ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172. Tsawon fiffikensa daga baki zuwa baki mita 11, shimfiɗarsa murabba'in mita 16.2, nauyinsa da lodi kilo 1,100, wato kusan niyuton 10,800. Ƙa'idar masanin Jamus Prandtl ta nuna cewa in an raba kaya a kan fiffike yadda ya fi dacewa, ana iya ɗaukar iskar da yake sarrafawa a matsayin wadda ke ratsa wata da'ira mai faɗi daidai da tsawon fiffiken. Da'ira mai faɗin mita 11 tana da murabba'in mita 95. A ce jirgin yana hawa da gudun mita 35 a sakan, wato kilomita 126 a awa, a iskar da kowace mita kubik ke da nauyin kilo 1.06. Ninka 1.06 da 35 da 95, ka samu kilo 3,525. Tan uku da rabi na iska ke nan a kowane sakan, a ƙarƙashin ɗan jirgin da bai fi ƙaramar mota nauyi ba. Raba niyuton 10,800 da wannan adadi, sai ka ga fiffiken yana barin iskar tana gangarawa da gudun mita 3.06 a sakan can bayansa. A daidai fiffiken rabin haka ta samu, mita ɗaya da rabi. Mita ɗaya da rabi ƙasa a kan mita 35 gaba, kusurwar digiri 2.5 ce.

Wannan digiri biyu da rabi shi ne zuciyar darasin, kuma abu biyu ke fitowa daga gare shi. Datsin da matuƙi ya kafa a digiri 10 ba digiri 10 yake ji ba, bakwai da rabi yake ji, don iskar da ke iso shi ta riga ta sunkuya. Dalilin faɗuwar 0.11 zuwa ƙasa ke nan. Sannan ƙarfin ɗagawa yana tsayuwa ne a miƙe kan iskar da datsin ke ji, saboda haka shi ma ya kishingiɗa baya da digiri 2.5. Ɗan kishingiɗar nan, in aka ninka ta da niyuton 10,800, tana ba da jan baya na kusan niyuton 470. Babu gogayya ko ɗaya a cikin wannan lissafi. Ko an goge fiffiken ya yi santsi iya santsi, wannan jan baya yana nan daram muddin jirgin na ɗauke da nauyi. A sa ɗalibai su ninka 470 da gudun 35, su samu kilowat 16.5, kusan ƙarfin doki 22. Sai a sa su lissafa kuzarin motsin da aka zuba wa iskar, rabin 3,525 sau 3.06 sau 3.06, su sake samun 16.5. In amsa ɗaya ta fito ta hanya biyu a hannun ɗalibi da kansa, ba ya sake tambayar inda man jirgin ke tafiya.

Sai bayan wannan a zo kan bakin fiffike. Matsin iska a ƙasan fiffike ya fi na samansa, amma a baki dole bambancin ya ƙare, tunda babu abin da ya raba sama da ƙasa a can. Don haka iskar ƙasa tana karkata waje, ta sama tana karkata ciki, in suka haɗu a gefen baya sai su murɗe, murɗin ya naɗe ya zama guguwa biyu, kamar guguwar bazara da ke tashi da ƙura a fili, sai dai waɗannan a kwance suke, kowace tana juyawa saɓanin ƴar'uwarta, iskar da ke tsakaninsu tana gangarawa. Tun 1858 masanin Jamus Helmholtz ya nuna cewa igiyar guguwa ba ta yankewa haka kawai a tsakiyar iska, shi ya sa kewayawar da iska ke yi wa jikin fiffike ba ta da zaɓi sai ta lanƙwasa ta bi baya. Ta babban jirgi takan ɗauki mintoci kafin ta mutu, kuma tana iya kifar da ƙaramin jirgin da ya biyo shi, wannan ne dalilin da masu hasumiyar filin jirgi ke sa tazara tsakanin jirage.

A nan malamai da yawa ke zamewa. Sukan ce guguwar baki ce ke haddasa jan baya, sai ɗalibi ya ɗauka in ya manna faifai a baki ya toshe hanyar, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, don iskar nan tan uku da rabi dole a tura ta ƙasa ko da faifai ko babu. Ƴan fikafikan da ake gani a tsaye a bakin jiragen fasinja, waɗanda Richard Whitcomb na hukumar NASA ya wallafa bincikensu a 1976, suna ƙara yawan iskar da fiffike ke kamawa ne, ribarsu kuma ƴan kashi kaɗan ce cikin ɗari na mai. Ƙarin tsawo ma yana ba da irin wannan riba, amma yana ƙara wa gindin fiffike nauyin lanƙwasa, kuma wurin ajiye jirgi yana da iyaka. An tsayar da fiffiken Airbus A380 ƙasa kaɗan da mita 80 saboda ma'aunin filayen jirgi, Boeing 777X kuwa naɗe bakin nasa yake yi in ya sauka, daga kusan mita 72 zuwa ƙasa da 65.

Ka'idar da ake haddacewa ita ce Cxi = Cz² / (π × e × λ), inda Cxi ke nufin lambar jan bayan da ɗagawa ke jawowa, e ma'aunin kyan rabon kaya a kan fiffike, λ kuma sirantar fiffike, wato tsawo sau tsawo a raba da shimfiɗa. Daidai take, amma tana ɓoye gaskiya. A rubuta ta da ƙarfi tsagwaronsa: jan baya = 2P² / (ρ × V² × π × e × b²), P nauyi, ρ nauyin mita kubik ta iska, V gudu, b tsawon fiffike. Duba da kyau, faɗin fiffike bai fito ba ko sau ɗaya. Ga tambayar da muke so kowane malami ya yi wa ajinsa: an bar tsawo da nauyi da gudu yadda suke, an rage faɗin fiffike da rabi, me ya sami wannan jan baya? Mafi yawa za su ce ya ragu da rabi tunda λ ta ninka. Amsar ita ce bai motsa ba. Shimfiɗa ta ragu da rabi, Cz ta ninka biyu, Cz² ta ninka huɗu, a raba da sabuwar λ sai Cxi ta ninka biyu, a ninka da rabin shimfiɗa, an koma gidan jiya. Nauyin da kowace mita ta tsawon fiffike ke ɗauka shi ne mai hukunci. Ka ƙara tsawo da kashi 10 cikin ɗari, jan bayan ya ragu da kusan 17.

Harafin e ma yana ruɗa mutane, don abu biyu ake rubutawa da shi. Akwai e ta fiffike shi kaɗai, mai auna nisan rabon kayansa daga mafi kyau, tana yawo tsakanin 0.9 da 1. Akwai kuma ta Oswald, ta jirgi gaba ɗaya, wadda ta haɗa da tasirin gangar jiki da ƙarin gogayyar da ke zuwa in kusurwa ta ƙaru, ita kan zauna tsakanin 0.7 da 0.85. In muka sa 0.75 a jirginmu, niyuton 470 ya koma 630. In kuma muka ɗauki lambar gogayya da siffa a 0.03, ta ba da niyuton 315 a wannan gudu. Ke nan lokacin hawa, kashi biyu cikin uku na jan baya daga ɗagawa yake. A gudun mita 55 a sakan lamarin ya juye, 255 na ɗagawa, 780 na gogayya.

Da gangan muka sa 1.06 a maimakon 1.225 da ke cikin littattafai, wadda ta bakin teku ce a digiri 15 na zafi. Filin jirgin Zinder yana kusan mita 460 sama da teku, matsin iska wajen paskal 96,000. Da azahar a watan Afrilu ko Mayu, zafi na digiri 42, wato kelbin 315, raba 96,000 da 287 sau 315, ka samu 1.06. Iskarmu ta bazara ta fi ta littafi sauƙi da kashi 13 cikin ɗari, daidai da ta wurin da ke kusan mita 1,500 a ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kai. Da asubahin hunturu takan kai 1.16. Jirgi ɗaya, titi ɗaya, amma a bazara yana buƙatar gudun da ya fi na asubahin hunturu da kusan kashi 5 cikin ɗari kafin ya rabu da ƙasa, ga injin ma ya rage ƙarfi don iskar da yake shaƙa ta yi sauƙi. Ɗalibin da zai yi aiki a Zinder ko Agadas ko Diffa, da wannan iska ya kamata ya saba lissafi.

Za a ce ba mu da ɗakin gwaji. A ƙarshen 1901 ƴan'uwan nan biyu na gidan Wright, masu sana'ar keke a Amurka, sun haɗa akwatin katako mai tsawon kusan mita 1.8 da faɗin santimita 40, ma'auninsu na guntayen zarton ƙarfe ne da wayoyin ƙafar keke. Fiffiken jirginsu marar inji na 1901 yana da tsawon mita 6.7 da faɗin 2.1. Na 1902, bayan gwajin, ya koma mita 9.8 da 1.5, shimfiɗa kusan ɗaya, amma tafiyar ba a haɗa su. Littafin Lanchester na Ingila mai bayanin guguwar baki sai 1907 ya fito, lissafin Prandtl na Gotingen a Jamus kuwa sai 1918 da 1919. Hannu ya riga alƙalami, kuma kayan da suka yi aiki da su ba su fi ƙarfin Kasuwar Dole ba.

Mafi sauƙin gwaji, daro ne cike da ruwa a barbaɗa masa garin katako. A tsoma gefen faranti a tsaye, a ja shi a hankali tsawon taƙi ɗaya, a zare. Ƴan ramuka biyu za su bayyana a fuskar ruwan, suna juyawa saɓanin juna, suna tafiya tare. Bakuna biyu ne na igiyar guguwa guda da ta lanƙwasa a ƙarƙashin ruwa. Maganar Helmholtz ke nan a idon ɗalibi cikin minti biyar.

Gwajin da muka fi ba muhimmanci shi ne na ƴan jirage marasa inji. A yanka fiffike uku daga farin soson nan mai tauri da ake naɗe kaya da shi, kaurin milimita 3, duka masu shimfiɗar murabba'in santimita 600: ɗaya 40 da 15, ɗaya 60 da 10, ɗaya 80 da 7.5. Sirantarsu 2.7 da 6 da 10.7. A lanƙwasa kowanne a kan bututu mai ɗumi har zurfin doronsa ya kai kashi 5 cikin ɗari na faɗinsa, wato milimita 5 ga mai faɗin santimita 10. A manna siririn tsinken gora a rubu'in faɗi daga goshi, da farin gam na kafinta, don gam ɗin masu gyaran takalmi yana narkar da soson. A ɗaga bakuna biyu da kusan digiri 5 domin jirgin ya daidaita kansa. Gangar jiki guda ɗaya ce ga duka ukun, sillen kara miƙaƙƙe, da wutsiyar kwance ta santimita 20 da 6, da ta tsaye, a riƙa ɗaure fiffiken da roba. A ƙara ƙananan notuna a hanci har nauyi ya cika giram 60 a kowane zubi, kuma in an ɗora jirgin kan yatsu biyu ya daidaita a kashi 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga goshi. In ma'aunin ya koma baya, jirgin zai riƙa ɗaga hanci yana faɗuwa yana sake ɗagawa, in ya yi gaba da yawa ya soki ƙasa.

Kafin a jefa ko ɗaya, ɗalibai su rubuta hasashensu. A gudun mita 5 a sakan Cz tana kusan 0.7. In aka ɗauki e a 0.9, Cxi ta ukun ita ce 0.064 da 0.029 da 0.016. In aka ƙiyasta gogayya a 0.05, daga tsayin mita 2 lissafi ya ce za su yi mita 12 da 18 da 21. Ba za a samu waɗannan lambobi cif ba, kuma a nan karatun yake. Jifa da hannu ba ta zama iri ɗaya, don haka a yi ɗan titin katako mai sunkuye kaɗan da robar da ake ja zuwa alama ɗaya, a maimaita sau goma a ɗauki matsakaici. A yi a cikin babban zaure, tagogi a rufe, fanka a kashe, domin iskar mita ɗaya a sakan kashi 20 cikin ɗari ce ta gudun jirgin, ballantana iskar hunturu. A ɗauki bidiyo da waya tsakanin alamu biyu masu tazarar mita 5 a fitar da gudun gaskiya.

Sau da yawa dogon fiffiken ba ya cin ribar da lissafi ya yi masa alkawari, kuma dalilan biyu ne. Yana lanƙwasa ya murɗe in tsinken goran bai yi ƙarfi ba. Sannan lambar Reynolds tasa, gudu sau faɗi a raba da kusan 0.000017, ba ta wuce 22,000, gajeren kuwa yana da 44,000, alhali na Cessna ya haura miliyan uku. A wannan ƙaramin mataki iska tana saurin ɓarewa daga doron fiffike, gogayya ta ƙaru, shi ya sa muka ce faifai siriri mai doro, kada a ɓata lokaci ana sassaƙa datsi mai kauri irin na babban jirgi. Gajeren kuma ya fita daga hurumin ƙa'idar Prandtl, wadda ke son siranta daga 4 zuwa sama. Ɗalibin da ya gano waɗannan biyun da kansa ya san iyakar ƙa'idarsa, kuma injiniya ba ya wuce nan.

Sashen da ke da ɗan hali ya haɗa akwatin iska. Wurin gwaji santimita 30 da 30 da tagar gilas, bakin shiga 60 da 60 mai tsukewa a hankali, a cika shi da robobin zuƙar lemo da aka yanka santimita 5, sai ragar sauro ninki biyu. Fankar lagireton mota a baya, tana zuƙa, kada a sa ta a gaba tana hurawa, don iskar da ta fito daga fanka a murɗe take. A ba ta wuta daga batir, gudunta ba zai riƙa hawa da sauka da wutar gari ba. A gudun mita 8 a sakan matsin motsi paskal 35 ne kacal, milimita 3.6 na ruwa, saboda haka a kwantar da bututun awo ya tashi ɗaya cikin goma, ruwan ya yi tafiyar milimita 36 da ido ke iya karantawa. Fiffike mai santimita 18 da 4.5 zai ɗaga kusan giram 17, jan bayansa bai fi giram biyu da ɗoriya ba, sai da sikelin masu zinariya, a kuma kare shi daga iska, a cire jan bayan sandar da ke riƙe da fiffiken. Shawararmu a tsaya kan ɗagawa. A auna wanda ya cika bango zuwa bango, a auna gajeren, daga digiri 0 zuwa 8. Layin gajeren ya kamata ya hau da kusan kashi biyu cikin uku na ɗayan. A manna zarurruka na santimita 3 a sama da ƙasa a ga na sama sun karkata ciki, na ƙasa waje, a ɗaura dogo ɗaya a baki a ga yana wulwulawa. Hayaƙin turaren tsinke yana nuna guguwar sarai in an rage gudu, an duhunta ɗaki, an haska tocila daga gefe. A riƙa wanke ragar, ƙurar hazo tana toshe ta gudun ya ragu ba a sani ba.

Sai a hau lissafin Prandtl kansa, ta hanyar jerin sinus da masanin Ingila Glauert ya tsara. Fiffike mai dama da hagu iri ɗaya, sassa huɗu sun wadatar, A1 da A3 da A5 da A7, a wurare huɗu na rabin fiffike. A warware sau ɗaya da hannu kafin a taɓa kwamfuta. Kurakuran ba sa canzawa: a sa digiri inda ake son radiyan, amsa ta kumbura sau 57, a zaɓi wurin awo a daidai baki inda sinus ya zama sifili, a manta cewa datsi mai doro irin 2412 yana fara ɗagawa tun daga digiri 2 ƙasa da sifili. Fiffike mai faɗi ɗaya tun daga gindi har baki, siranta 6, zai ba da e kusan 0.95. Wanda faɗin bakinsa ya zama kashi 40 cikin ɗari na gindi, kusan 0.99. Siffar ƙwai irin ta jirgin Spitfire, wadda ke cika 1 a ƙa'ida, ribarta ba ta kai wahalar ƙerarta ba. Manhajojin XFOIL da AVL da XFLR5 kyauta ne kuma suna aiki ba intanet, amma su zo daga baya, in ba haka ba ɗalibi zai karɓi duk abin da allo ya nuna masa.

Lissafin nan kuma shi ke nuna inda iska za ta fara suɓucewa in kusurwa ta yi yawa. A fiffike mai faɗi ɗaya daga gindi take farawa, jirgi ya girgiza ya gargaɗi matuƙi, ƴan marafan da ke karkatar da shi a can baki suna nan da aikinsu. A mai tsinin baki daga baki take farawa, gefe ɗaya ya faɗi ba sallama. Maganin shi ne a murɗe bakin ƙasa da digiri 2 zuwa 3. Kusa da ƙasa kuma gangarawar iska tana raguwa: a tsayin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon fiffike, jan bayan ɗagawa yana raguwa da kusan rabi, a tsayin fiffike guda kuwa ribar ta kusa ƙarewa. Jirgin da aka cika wa lodi da zafin azahar yana iya rabuwa da titi ya yi shawagi mita ɗaya ko biyu, ya kasa hawa. Duk wanda zai shiga aikin jiragen sama, ko ta EAMAC, makarantar sufurin jiragen sama da hasashen yanayi ta Yamai, ko ta wata hanya, ya kamata ya iya bayyana dalilin da lambobi.

Wanda ba zai taɓa jirgi ba ma yana da rabo. Reshen fankar masana'anta da na injin iska mai jan ruwan rijiya duk fikafikai ne masu baki, asara ɗaya suke yi, shi ya sa ake matse tazarar da ke tsakanin reshen fanka da gidanta. In shamuwa ta iso gabanin damina, a fitar da aji waje su kalli yadda take ware gashin bakin fiffikenta in tana kewaya sama, su tattauna abin da tsuntsu mai faɗin fiffike, wanda dole ya sauka a kan itace, ke samu daga wannan warewa.

Roƙonmu ga masu tsara manhaja shi ne a ba fiffike mai iyaka mako huɗu a tsakiyar zango: na farko lissafin tura iska da daro, na biyu ƴan jirage uku, na uku ƙa'idar Prandtl da hannu, na huɗu suɓucewar iska da tasirin ƙasa. A jarrabawa a ba ɗalibi nauyi da tsawon fiffike da gudu da zafin ranar da tsayin garin, ya fitar da ρ da kansa. Duk gwajin da muka ambata na cikin zaure ne. Wanda zai sa wa jirginsa inji ya fita da shi waje, sai ya nemi izinin hukuma tukuna, kuma ya nisanci filin jirgi.

Wassalam.

Daga wasu malaman injiniya,
Zinder, Jamhuriyar Nijar.